Zabbin Inna da Layun Yaya

Yayanmu farfesa ne, kuma abin da ya karanta har gashin kansa ya zube shi ne halin dabbobi. Ba ciwonsu ba, wannan na likita ne. Halinsu: inda suke kwana, wanda suke bi, abin da ke haɗa su faɗa. Ni da nake koyar da 'yan aji uku a Gummi na sha gaya masa cewa aikinmu ɗaya ne, shi dai ya yi sa'a ɗalibansa ba su da iyayen da za su zo makaranta su yi ƙorafi.

Yanzu in za a yi maganar zabbi a rediyo shi ake kira. Aikin da ya yi da abokansa na ƙasashe uku ya shiga gidaje. Mata da yawa a Gummi da Anka da Bukkuyum sun daina kwashe mazan zabbi su kai kasuwa su bar guda ɗaya tal da garke, tun da aka fahimtar da su cewa zabo ba zakara ba ne, ya fi son bin mace ɗaya, ƙwan sauran sai ya tashi a banza. Sun daina sakin 'yan tsaki da sassafe cikin raɓa. Wata maƙwabciyata ta taɓa tsayar da ni ta yi mini bayanin duk wannan tana kaɗa mini yatsa, ta ce wani babban malami ne ya faɗa, ba irinmu ba. Na ce mata na gode. Abin da ba a faɗa a rediyo shi ne yadda aikin ya kusa ƙarewa a tukunyar Inna, ni kuwa a gabana aka yi komai.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar Adabka ce mai jinin Fulani, wadda ta riƙi kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Akwai wani mai gyaran babur a garin da suke suna ɗaya, shi ma albarkacin Yaya ya rasa sunansa a bakinta, ya koma mai baƙin hannu. Tun da aka yaye Yaya kakarmu ta ɗauke shi, daga can makarantar kwana, daga can jami'a. In ya zo gida ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, bango take amsa wa. In ruwa za a ba shi, ni za ta ƙwala wa kira ko da ina can bakin rijiya shi kuma yana gabanta: “Auta, hwaɗa ma baƙon ga ruwa na nan.” Ni auta ce, da 'ya'yana uku amma har gobe ina iya ɗora kaina a cinyarta ta tsefe mini. Haka na tashi na tarar, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Shi ma bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai in ta juya baya yakan bi ta da ido, irin yadda yake bin tsuntsun da bai gama ganewa ba.

Inna ita ce mai zabbi a Adabka. Ta san kowace da uwarta da kakarta. Ta san wadda ke zuwa gonar wane ta yi ƙwai, ta san ba a kwashe ƙwan duka, kuma ba ta sa hannu a gurbi, dogon ludayi take zurawa. Da su take hira, kuma abin da ba ta iya gaya wa mutane su take gaya wa. Rabin ilimin Yaya, ni dai a ganina, daga bayan zana ya sato shi, yana sauraron Inna tana yi wa zabuwa faɗa.

Daminar da nake ba da labari, Yaya ya zo da wasu 'yan na'urori guda shida, kowace kamar akwatin ashana. Ana ɗaura wa zabuwa a baya da 'yar igiya ta ƙarƙashin fukafukai, ita kuma ta riƙa rubuta duk inda zabuwar ta taka. Duk bayan mako biyu sai ya zo da wani ƙarfe mai rassa ya ɗaga sama ya kwashi rubutun. Abokan aikinsa uku ne: wata mata daga gabashin Afirka wadda ta san kan na'urorin, wani Bature mai lissafi, da wani likitan dabbobi a Sakkwato. A Anka da Nasarawa Burkullu zobba kawai suka sa wa zabbin mutane a ƙafa. Na'urorin kuwa da ƙyar aka same su, don haka Yaya ya gaya wa abokansa cewa a gidanmu za a ɗaura su, domin nan ne kaɗai ya tabbata babu mai taɓa su.

Ni aka ɗora wa neman izini, saboda hutun makaranta ya same ni a gida. Na zauna kusa da Inna tana tankaɗe na ce, “Inna, Yaya na da wani aiki da zai yi da zabbinki, wai akwai wani abu da za a…”

Jin an ambaci Yaya sai ta miƙe, kamar yadda take yi kullum, ta kakkaɓe zane. “Zabbi dai ga su nan, ni ban hana kowa ba.” Ta shige ɗaki ta bar ni da sauran bayanin a baki. Na koma na ce wa Yaya ta yarda. Wannan laifina ne, na amsa.

Na'urar tana son zabuwa mai nauyi wadda za ta iya ɗaukarta ba wahala. Saboda haka Yaya ya wuni yana kama zabbi yana ɗaga su a hannu, yana latsa ƙirjinsu, yana ajiye ramammu gefe, har ya ware shida mafiya ƙiba ya ɗaura musu. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar kaji ya san wane ne ke latsa ƙirjin tsuntsu haka. Na ga asabarin ɗakin Inna yana motsi, na san tana leƙe, amma ban kawo komai a raina ba.

Bayan mako biyu ya dawo. Ko jakarsa bai gama saukewa ba Inna ta ce in kai wa baƙo abinci. Tuwon dawa ne da farfesun zabuwa, ya sha daddawa da yaji, mai yana yawo a sama. Yaya ya zauna a zaure da Kawu, ƙanen Inna wanda gidansa ke jikin namu, kuma shi ke yi mata yanka tun rasuwar Baba. Yaya ya ci har yana gumi, ya tauna ƙashi, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro. Da ya wanke hannu sai Kawu ya laluba aljihu ya ajiye masa wani abu a kan tabarma.

“Ga layarka. Tac ce a mai da maka.”

Na'urar ce. An wanke ta tas da sabulu, an goge, an naɗe igiyar da kyau. Yaya ya dubi na'urar, ya dubi kwanon, ya sake duban na'urar. Ni kuwa dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa, Allah ya yafe mini. Na ce bari in je in gaya mata. Ya riƙe mini mayafi ya ce in bari, kuskure ne, ba zai sake faruwa ba. A takardar da yake aika wa abokansa ya rubuta cewa wani abu ya cinye zabuwa ta ɗaya a cikin gida. Bai yi ƙarya ba.

Zuwa na biyu, zabuwa ta biyu, wannan karon soyayya. Yaya ya shigo da niyyar ba zai ci ba, har ya ce mini cikinsa na ciwo. Na kai saƙo. Inna ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu tana kallon rumbu, ta daɗe a haka. Yaya ya hango ta ta ƙofar zaure. Ya jawo kwanon ya cinye tas, ciwon ciki ya warke.

Can ƙasarsu Bature ya zauna da lissafinsa ya gano abin mamaki: dabbar da ke cin zabbin nan ba ta kai hari sai ranar da mai bincike ya iso, kuma masu na'ura kaɗai take zaɓa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce wataƙila wani sabon abu suka gano. Likitan Sakkwato ya ce tunku ne. Matar gabashin Afirka ta ce ko muzuru. Aka aiko da wata kyamara mai ɗaukar hoto da kanta in abu ya gifta, aka ce a ɗaure ta a jikin bishiyar da zabbin ke kwana. Yaya da hannunsa ya ɗaure ta a jikin darbejiyar gidanmu, fuskarsa kamar mai haƙa ramin da zai faɗa.

Sai ya yi dabara. Tun da sai ya zo ake yanka, to zai zo ba tare da ya zo ba. Ya sa ɗan acaɓa ya sauke shi a bayan gari da hantsi, ya ratsa ta cikin gero, ya tsuguna a bayan dangarmu ya ɗaga ƙarfensa mai rassa. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da cewa zabo ya fi kare gadi, shi ne ya manta. Zabbin suka ɗauki ihu gaba ɗaya kamar ana yanka su. A shekarun nan kuwa, a ƙasarmu, ba a ganin mutum a ɓoye cikin gero da baƙon ƙarfe a yi masa sannu. Maƙwabta suka fito da sanduna suka zagaye gonar. Allah ya taimake shi hularsa ta faɗi wajen gudu, wani tsoho ya gane sanƙon, ya ce ai na gidan su Baba ne, haka kakansa ma yake. Suka rako shi har zaure suna ba shi haƙuri, rigarsa duk ƙaiƙayi. Kafin a gama gaisawa na ji Kawu yana wasa wuƙa a bayan rumbu. Ta uku kenan.

Hotunan kyamarar kuwa likitan Sakkwato ne ya zo ya ɗauki katin da ke ajiye su ya aika wa kowa kafin Yaya ya gani. Ranar da suka yi taronsu ta kwamfuta yana gidana a Gummi, saboda a nan ake samun sabis mai ƙarfi, ni kuma na ƙi fita daga ɗakin. Bature ya buɗe hoton. Ga Inna nan tsaf, ta kifa kwando ta tokare shi da kara, ta watsa gero a ƙarƙashi, tana tsugune da igiya a hannu, ta ciji leɓe. Hoto na biyu, ta danne kwandon da gwiwa. Hoto na uku, Kawu ne ya kawo fuskarsa dab da kyamarar yana duba haƙoransa.

Bature ya tambaya ko Yaya ya san wannan matar. Yaya ya ce mahaifiyarsa ce. Matar gabashin Afirka ta yi dariya har ta ɓace daga allon, muna jin ta tana buga tebur. Likitan Sakkwato bai yi dariya ba, ya dai tambaya cikin Hausa, “Malam, kai na ɗan hwari?” Yaya ya ce i. Likita ya ce, “To, Allah shi kyauta.”

Bature ya ce abin ai mai sauƙi ne, ya gaya mata kawai ta daina. Turancin Yaya da ake yabo har a ƙasashen waje ya ƙare a nan. Bature ya ci gaba da cewa zabbi da damina kaɗai suke ƙwai, damina ta yi rabi, saura uku masu na'ura. In suka tafi, aikin mutum huɗu na shekara guda ya tafi, sai wata daminar in an sake samun hali. Wannan ba wanda ya yi dariya.

Da aka kashe kwamfutar na ce masa, “Yaya, ka bar ni in gaya mata mana. Mene ne a ciki?”

Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya ce, “Auta, ke in kina son abu a wurinta, ce mata kike yi. Ni shekarata hamsin, ban taɓa sanin ta san abin da nike so ba sai bana.”

Na ji kunya, na kuma ji haushi, domin ban taɓa tunanin haka ba, ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan. Amma ni mace ce mai gaggawa, kuma na ga mutum huɗu za su yi asara saboda abin da kalma biyar za ta gyara. Ranar Asabar na hau mota zuwa Bukkuyum, na hau babur zuwa Adabka, ban gaya masa ba.

Na sami Inna tana ba 'yan tsaki tsakin gero. Wannan karon na yi dabara, na zauna a ƙofar ɗaki na tare hanya kafin in fara. Na gaya mata komai: abin nan ba laya ba ne, na'ura ce ta aiki, akwai mutane a ƙasashe masu nisa da ke jiran labarin inda zabbinta ke zuwa, kuma kowace ta yanka aikin baƙo take ragewa.

Ta ce, “Ba laya ta ba?”

Na ce a'a.

“To don mi yaz zaɓi masu ƙiba? Nig ga shina taɓa ƙirjinsu.”

Na yi mata bayanin nauyi. Ta riƙa murza tsakin a tafin hannu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ni cewa niy yi shaida ta yas sa musu. Tun da ba shi iya hwaɗa min, nic ce ya nuna min waɗanda shika so. Kwana nawa ina jin daɗi, nic ce yau dai ya roƙe ni abu.” Ta watsa sauran tsakin. “Ashe aiki na.”

Ta ce in matsa ta wuce, na matsa.

Daga ranar Inna ta zama abokiyar aikin da duk mai bincike ke mafarki. Ta hana kowa kusantar zabbin uku. Ta kori wani kare da muciya har bakin masallaci. Ta gaya wa zabbin, a inda na ji na kai gaba, cewa ɗaya cikin ukun, mai farin fukafuki, ba gonar da ake zato take ƙwai ba, tana tsallake kwari ne ta haɗa gurbi da zabbin wani gida, kuma da aka duba na'ura haka ɗin ne. Bature ya ce wannan zabuwar ita ce zuciyar aikin, a kula da ita. Kawu kaɗai ya yi fushi da ni, ya ce na shiga tsakaninsa da ƙundu.

Yaya ya zo, aka kai masa tuwo da miyar kuka. Miya ce mai kyau, ba abin da ta rasa sai nama. Ya buɗe kwanon ya dube ni, na dubi ƙasa. Bai tambaye ni ba, ya gane. Ya ci rabi. Zuwa na gaba ma haka, miyar kuɓewa, kuma na ga yatsunsa suna laluben cikin miyar su da kansu kafin ya tuna ya janye. Aiki yana tafiya lafiya lau, kowa na yabo, shi kuwa ya koma durƙuso a ƙofar ɗaki ana amsa wa bango. Ban taɓa jin na yi daidai kuma na tsani kaina irin na lokacin ba.

Zuwa na uku tun bayan maganata da Inna, gero ya fara fitar da kai, saura kusan wata guda a gama. Na kai masa kwano a zaure, ya buɗe, ya rufe. Ya tashi ya shiga tsakar gida ya ɗauki kwandon Inna da kara da igiya, ya ɗebi gero a rumbu. Farfesa guda ya tsuguna a rana tsaka yana kiran zabbi da baki. Sau biyu kwandon yana kifewa a kan kaza, sau ɗaya a kan ba komai. A na huɗu ya samu, kuma mai farin fukafukin ce ta shiga. Na ce, “Yaya, waccan ce fa ta Bature!” Ya ce ya sani. Yana iya sakinta ya jira wata, bai saka ba. Ya kwance na'urar ya sa a aljihu, ya latsa ƙirjin zabuwar sosai yadda duk mai leƙe zai gani, ya karɓi wuƙar Kawu ya fuskanci alƙibla.

Ya ɗora ta a faifai ya kawo ƙofar ɗakin Inna ya ajiye, ya durƙusa a inda ya saba. Asabari ya ɗaga, Inna ta fito ta dubi faifan. Ta ɗaga zabuwar ta auna nauyinta a hannu, ta daɗe tana juya ta. Ta nufi murhu ta zauna ta ba mu baya, ta jawo tukunya.

“Romo ko suya?”

Ni da sabo na juya na fara, “Yaya, Inna ta ce…”

“Ba da ke nike ba,” in ji ta, tana kallon tukunyar. “Shi nit tambaya. Kai, romo kaka so ko suya?”

Yaya yana durƙushe da jinin zabuwa a hannun rigarsa, tabarau ya yi masa hazo, Inna kuma ta riƙe ludayi tana jira, ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma ce in amsa masa ba. Na tashi na je na tsuguna ina hura wutar da ta riga ta kama.